Kwana Goma Sha Biyar

Litinin, 3 ga Rajab
Matata Bi Riziki ta faɗi a gindin murhu. Da na ɗaga ta, tafin hannunta fari fat. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin ta a ƙasa ba.

Alhamis, 6 ga Rajab
'Yarmu Mwanahawa ta tilasta, muka hau jirgin ruwa daga tsibirinmu Pemba zuwa asibitin Unguja. Likita mace ce. Ta ce ƙari ne a mahaifa, har guda uku, kuma jini ya kusa ƙarewa. Ta tambayi yaushe zubar jinin ta soma. Ni na amsa: shekara uku da wata biyu. Likitar ta ce, "Baba, ka riƙe lissafi haka, me ya hana ka kawo ta?"


Asabar, 15 ga Rajab
Bari in rubuta gaskiya, tunda ba mai gani sai Allah. Duk wata Bi Riziki takan tambaye ni, ni kuma in ƙirga mata: kwana goma sha biyar haila ce, abin da ya haura jinin ciwo ne, ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi. Hukuncin daidai yake. Jinin ciwo na kira shi da bakina, sau talatin da takwas, ban taɓa tambayar wane ciwo ba.

Laraba, 19 ga Rajab
Likitar ta yi bayanin da ya tsaya mini a rai. Wai kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai sanar da mutum ya ƙoshi. Idan ya yi yawa, sai jiki ya daina sauraronsa. Masu bincike suna zaton yana da hannu a girman ƙarin, ko da yake ba su gama tabbatarwa ba.
Ni kuwa na sha yi wa Bi Riziki wa'azi a kan haɗama. Ta ce, "Malam, da rana ka ce cikina ba ya tsoron Allah, da la'asar ka shigo da alewar halwa a ganye. Wanne zan bi?" Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Juma'a, 28 ga Rajab
An cire mahaifar. Tana numfashi. Alhamdu lillahi.

Talata, 9 ga Sha'aban
Mun dawo Pemba. Na sha gahawa ba halwa, ɗaci kawai.
Bayan karatun hantsi, Makame mai kanumfari ya ja ni gefe, kansa a ƙasa: iyalinsa, yau kwana ashirin jini bai tsaya ba. Na ba shi hukunci yadda yake a littafi, ban rage komai ba. Har ya sa takalmi na kira shi. Na ce jirgin Unguja yana tashi gobe da safe.
Wannan ba fatawa ba ce. Lokacin jirgi kawai na faɗa masa.