Ciwon da Ya Kumbura Hannun Inna

Auta tawa,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Baba yana nan kalau, sai dai kunnen ya ƙara nauyi. Rediyonsa yanzu har maƙwabta suna sauraro kyauta.

Rubutu na zaɓa don in da a waya ne, da kin ji muryata za ki fara kuka kafin in gama. Wata huɗu ke nan ina ɓoye miki wani abu. Yatsuna sun kumbura. Da safe ba na iya riƙe almakashi sai na tsoma hannu a ruwan ɗumi. Makon jiya na fita sayen zare, rana ta buge ni, da na dawo shago na duba madubin da masu kawo ɗinki ke gwada kaya, sai na ga wani ja-ja ya shimfiɗu a kumatuna, ya ratsa ta kan hanci. Auta, fuskar Inna na gani.

Ke shekararki shida lokacin ciwon Inna, ban san iya abin da kika riƙe ba. Kin tuna ɗakin nan na ƙarshen baranda, inda kekenta na ɗinki yake, da ƙanshin man keke, da labule mai kauri da take saukewa tun hantsi? Takan kira mu mu zura mata zare a allura, ke kuma ki ce sai an ba ki ƙyalle kin yi wa 'yar tsanarki riga. Mu a wajenmu wasa ne. Ashe yatsun ne ba sa lanƙwasuwa.

Gwaggo, yayar Baba, kullum cewa take son jiki ne, wace mace ce za ta ce rana na sa ta zazzaɓi. Ni ma na ɗauka. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta Inna ba ta zo ba, na dawo na ce mata duk iyayen mutane sun zo, ita kaɗai ce mai tsoron rana. Ta ci gaba da kalmasa bakin zane. Shekara ta zagayo ƙafafunta suka kumbura, aka ce ƙoda ce, sauran kin sani.

Jibi zan ga likita. Ki sa ni a addu'a, kada kuma ki gaya wa Baba.

Taki har kullum,
Yaya Babba

*

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso, kuma na karɓi faɗan da kika yi mini. Kin yi gaskiya, bai kamata in yi wata huɗu shiru ba.

An ɗebi jini, an auna fitsari, na koma sau uku. Likitar mace ce ƙarama, da gilashi, kamar in ce mata ta tafi ta kira babbanta. Amma da ta fara bayani na kama bakina. Ciwon yana da suna, lufus. Na sa ta maimaita har na rubuta a bayan takardar awon kaya.

Ga yadda na fahimta. Jikin mutum duk ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kuma kullum wasu masu ɗimbin yawa suna tsufa su mutu, sababbi su maye. Wannan ba ciwo ba ne, haka kowa yake. Akwai kuma wasu ƙwayoyin da aikinsu shara ne. Da ƙwaya ta kama hanyar mutuwa sai ta ba da alama, mai shara ya zo ya haɗiye ta tun ba ta fashe ba, sannan ya sanar da masu tsaron jiki cewa babu komai, su kwantar da hankali. Haka kumburi ke lafawa. Ta nuna mini a kwamfuta, na ga wani abu kamar ɗigon mai yana miƙa hannu yana lulluɓe ɗan uwansa a hankali. Na daɗe ina kallo.

A jikina masu sharar ba sa cin ƙarfin aikin. Matattun ƙwayoyi sukan daɗe a zube har su fashe, abin cikinsu ya watsu, masu tsaro su ɗauka baƙo ne ya shigo, su far wa gaɓoɓi da fata da ƙoda. Hasken rana kuma yana kashe ƙwayoyin fata da yawa a lokaci guda, shi ya sa fita rana ke tayar da ciwon.

Da ta zo nan sai na kasa riƙe kaina. Na ba ta labarin Inna da labulenta. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci kan wadda ba ta duba ba, amma alamun sun yi kama sosai, kuma wadda ta gano da kanta cewa ta guji rana, mace ce mai lura. Shekara talatin da ɗaya, Auta, sai yau wani ya ce Inna tana da gaskiya.

Abin da ya dame ta shi ne ƙodata, don ciwon ya fara taɓa ta. An ɗora ni kan magunguna, nan da wata uku za a ga ko sun kama. Ta ce ba dole ne ke ki samu ba, amma in kin ga fitsari yana kumfa ko gaɓoɓi sun riƙe, kada ki yi irin tawa.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki,
Yaya Babba

*

Auta tawa,

Sallama da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Ki yi hamdala, awon jiya ya yi kyau. Likita ta ce ƙodar ta huta, an fara rage mini ƙwayar magani ɗaya. Ciwon ba ya warkewa, zama za mu yi da shi, amma na koma kan keke. Maganin ya cika mini fuska har masu kawo ɗinki suna tambaya ko na samu miji ne a ɓoye.

Fuskar ce ta tona ni wajen Baba. Ranar Asabar na kai masa wankinsa, yana zaune a baranda, ya daɗe yana kallona, ya ce in zauna in gaya masa gaskiya. Na yi masa bayanin duka, da ƙarfi saboda kunnen, ina jin kunyar maƙwabta. Ban ɓoye miki ba, da ɗan ɗaci na yi maganar, don tun ina yarinya nake riƙe da shi a zuciya cewa bai taɓa tsawata wa Gwaggo ba. Na ce masa ashe Inna ba son jiki take ba.

Ya kashe rediyon. Ya ce shi bai taɓa zaton haka ba ko sau ɗaya, bakinsa ne dai ba ya buɗuwa a gaban yayarsa, kuma wannan yana cikin abin da yake neman gafara a kai. Sai ya tambaye ni ko na tuna maɓallan rigunanmu na makaranta.

Na tuna mana. Kullum a karkace suke, wani da baƙin zare, wani da fari, har malamar ɗinki ta taɓa tsayar da ni gaban aji ta ce 'yar tela guda da irin wannan aiki. Na ji haushin Inna sosai ranar.

"Ni ne nake ɗinka su," in ji Baba. "Da sassafe kafin ku tashi, in hannunta ya ƙi. Ita ta hana ni faɗa, wai kada a yi wa mijinta dariya."

Na yi dariyar, Auta, har hawaye suka biyo, shi ma ya taya ni. Muka zauna nan har inuwa ta bar barandar, yana ba ni labarinta tun kafin a haife mu, abubuwan da ban taɓa ji ba. Ya ce in rubuta miki ki zo da yara in an yi hutu, don akwai saura, kuma ba ya son ya faɗa sau biyu.

Ki zo. Na riga na share miki ɗaki.

Taki mai ƙaunarki,
Yaya Babba