Farin Fenti a Bangon Gwaggo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdulillahi. Uwargida ta warke daga zazzaɓi, Auta kuma ta fara tafiya, ba ta barin komai inda aka ajiye shi. Aikin gini ne ya ja baya, kowa yana jiran ya ga yadda damina za ta kaya.

Abin da ya sa na rubuto miki maganar gidajen bakin rafi ce. Tun ambaliyar bara, da ruwa ya kai mana gwiwa a tsakar gida, hukuma ta ce ruwan sama ya sauya hali, mu kuma mun tare wa rafi hanya da gine-gine. Watan jiya ma'aikatan awo suka bi layinmu da jan fenti. Duk bangon da suka yi wa alama, za a kwashe masu gidan zuwa sabuwar unguwa a kan tudu, sannan a rushe. Gidanmu na gado ya samu alama, na maƙwabta ma haka. Amma gidan Gwaggo da ke gangare da mu fes yake, babu ko ɗigo.

Ke ma kin san wanda ke tuƙa motar ma'aikatan, Dogo ne, ɗan Gwaggo. Da na tare shi ko idona bai kalla ba, ya ce wai na'ura ce ta auna, shi direba ne kawai. Raina bai kwanta ba. Kwana uku ina saƙawa ina warwarewa, har na yanke cewa shi ya sa baki aka karkatar da layin ya faɗo kanmu, don in an rushe mu ya samu filin faɗaɗawa. Ai kin san halinsa tun muna yara, shi zai fasa tulu ni a dake ni.

Shekara ashirin ina gini, ban yarda da awon ido ba. Sai na bari ya tafi aiki, na ɗauko farin tiyon da muke cika wa ruwa mu daidaita tushen gini, na ja shi daga dokin ƙofarmu zuwa nasu. Ƙofarsu ta fi tamu ƙasa da bulo uku cur. Ina tsugune ina maimaita awon na lura da sabon farin fenti a gefen ƙofar, waje ɗaya tak, faɗin faranti. Na kankare da cokalin gini, sai ga ja a ƙarƙashi. Ashe babu wanda ya karkatar da layi, alamarmu gaskiya ce. Tasu aka shafe.

Gwaggo ta ji motsina ta kira ni ɗaki. Ta ce Dogo ya gaya mata ma'aikata sun duba sun ce gidanta ya tsira, ta gode Allah za ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin da mijinta ya bar ta. Har tana yi mini jajen namu. Wallahi Yaya, sallama kawai na yi mata na fito.

Uwargida ta ce tausayin mahaifiyarsa ne ya sa Dogo ya shafe alamar, tunda Gwaggo ta sha rantsuwa ba za ta tashi ba. Ina so in yarda. To amma tun makon jiya nake ganin matarsa tana fitar da akwatuna ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan iyayenta, yaransu ma can suke kwana yanzu. Mutumin da ya yarda gida ya tsira ba ya haka. Kuma da na leƙa takardar waɗanda motar kwasa za ta ɗauka, sunan Gwaggo ba ya ciki.

Ranar Litinin zan je ofishin hukumar in faɗa. Na san Dogo zai iya rasa aikinsa, Gwaggo kuma ba lallai ta sake amsa gaisuwata ba. Shi ya sa nake roƙon ki ki buga mata waya kafin nan. Ita ta raine ki, ke kaɗai take saurare.

Ki gaida maigidanki, da 'Yar Baba, da Likita, a ce masa ya dage da karatu. Uwargida da Kawu suna gaishe ki. Kada ki ajiye takardar nan sai kin kira Gwaggo. Bara da ƙafarta ta fita daga ruwan, bana tun faɗuwar da ta yi ko zama ba ta iyawa sai an tayar da ita, kuma katifarta a ƙasa take.

Ni ne ƙanenki,
Magini