Mafarkin da Likita Ya Rubuta

Mairi, Maiduguri,
2 ga Yuni, 2013.

Ƙawata Edith,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yoila da yara. Yaya sanyin Jos, yaya aikin kemis? Mu nan lafiya, gwargwadon yadda ake samun ta a garin da aka kashe wa waya. Tun da aka ɗauke sabis mutane suka koma sallama a ƙofar juna, ni kuma na gano har yanzu na iya riƙe biro. Rabona da wasiƙa tun muna ɗaki ɗaya a jami'a, lokacin da nake rubuta miki taki zuwa ga Yoila. Ina fatan har yau bai sani ba.

Saƙon maganin ya iso. Dzarma direba ya ce an buɗe kwalin a shingen sojoji huɗu, takardar likita da kika maƙala a jiki ita ta cece shi. Allah ya saka miki. Na duba kemis bakwai a nan ban samu ba.

Kin ce ban yi miki bayani ba, gaskiyarki. Kin san Ajimi, ƙanen maigidana Kashim, wanda yake sayo wa wani dillali shanu a Kasuwar Shanu. A watan Janairu ya bi hanyar Gamboru, daga shi har motar ba wanda ya sake gani. Babu gawa, babu labari, babu wanda za a tambaya. Tun daga nan maigidan nawa ya tashi daga taba kara biyar a rana ya koma kwali biyu. A Afrilu ƙirjinsa ya riƙe, ya faɗi a ofis. Likita bai yi masa kara ba: zuciyar ta gaji, in ya ci gaba da taba, faɗuwa ta gaba ba lalle a tashi ba.

Mun gwada goro, mun gwada alewa, mun gwada asuwaki. Ya yi rantsuwa, bayan kwana biyu ya yi azumin kaffara. Shi ne likitan ya rubuta wannan maganin na mako goma sha biyu.

Makon farko an bar shi yana sha yana busawa, kamar yadda aka tsara. Ran kwana na biyar ya ce tabar ta koma kamar tsohon fayil ya kunna, ya je ya yi wa mai tebur faɗa, wai jabu yake sayarwa. Jiya ce ranar da ya zaɓa. Ya miƙo mini ashanarsa da hannu biyu kamar mai ajiye sarauta.

Abu ɗaya na yi wanda ban gaya masa ba. Doguwar takardar nan ta cikin kwali na cire na ɓoye a jakata. Kin san Kashim, in ya karanta cewa magani yana kawo ciwon kunne, kafin la'asar kunnen ya fara.

Ki gaida kowa.

Taki,
Siddiƙa.


23 ga Yuni.

Edith,

Ina gaisuwa. Yaya jikin ƙaramar, zazzaɓin ya sauka? Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ja layi biyu ƙarƙashin maganar takardar. Na ji.

Kwana ashirin da uku ke nan ba taba. Tashin zuciya ya ragu tun da nake ba shi bayan abinci. Faɗa kuwa sai abin da ya ƙaru: ya yi da fanka, ya yi da mai ruwa, ya yi da wata akuya da ba tamu ba. Duk wannan na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne mafarki.

Wata safiya yana shan shayi ya ajiye kofin, ya ce ya ga Ajimi. Yana tsaye a bakin wani tafki, riƙe da igiyar farin sa, har tabon da ke haɓarsa ya gani. Kashim mutum ne da in aka tambaye shi abin da ya ci jiya sai ya yi tunani, amma ya lissafa mini maɓallan rigar yaron. Washegari ma haka, da kuma wadda ta biyo.

Na shiga ɗaki na buɗe takardar. Ga shi nan a layi na uku, tsakanin ciwon kai da kumburin ciki: mafarkai masu ƙarfi, waɗanda ba a saba ba. Na ninke na mayar.

Kafin in yanke shawarar yadda zan faɗa masa, ya riga ya kai wa Hajja, mahaifiyarsu, a Shehuri. Ita kuma ta kai wa malamin unguwarsu. Malam ya ce ruwa rai ne, farin sa alheri ne, wanda aka gani a tsaye bai kwanta ba. Aka yi sadakar waina. Matar da wata biyar ba ta gama kwanon abinci ba, ranar ta nemi ƙari.

Yanzu kullum da safe Kashim sai ya bi ta Shehuri kafin ofis, ya sauka daga keke a shinge uku, ya ɗaga hannu sama, don kawai ya kai mata mafarkin ranar. Ita ta fara lura cewa da maganin abin ya zo. Ba ta ga wata matsala a nan ba. Ta aiko a tambaye ni ko ina ba shi a kan lokaci, kuma ko ba za a ƙara masa daga biyu a rana ya zama uku ba.

Shekara huɗu na yi ina karanta kimiyyar sinadarai, Edith. Ban san ko in yi dariya ba. Na dai san ba a taɓa shan magani a gidan nan da irin wannan ladabi ba. Na je na ga likita ni kaɗai. Ya ce an san da wannan, in matso da na yamma ya sha da wuri, in sa ido a kan halinsa, in na ga baƙin ciki ya yi yawa ko ya fara maganar da ba ta dace ba in kawo shi nan take. Na tambaye shi yadda ake gane baƙin cikin magani daga na zaman garin nan. Sai ya kira mara lafiya na gaba.

A gaida Yoila.

Siddiƙa.


14 ga Yuli.

Ƙawata,

Ina fatan kuna lafiya. Mun ɗauki azumi, yau biyar. Likita ya mayar da maganin ɗaya bayan buɗa baki, ɗaya da sahur.

Mafarkin ya sami adireshi. Makon jiya Kashim ya ga wata bishiyar tsamiya kusa da tafkin, da rumfar mai shayi. Wani tsoho a Kasuwar Shanu ya ce ya san wurin, gaba da Dikwa ne kaɗan. Na ce a ƙasar Borno tsamiya da mai shayi ba su da wuyar samu. Ba wanda ya ji ni. Kashim ya yi magana da wani mai motar kaya, za su tashi bayan Sallah. Hanyar da ta cinye ƙanensa, ita zai bi ya tambaye ta.

Shi ne na fito da takardar. Na shimfiɗa masa, na nuna masa layin, na ba shi haƙuri a kan ɓoyewar. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce ya bar maganin, abin da nake tsoro ke nan tun farko. Ya karanta har ƙasa, har sunan kamfanin. Sannan ya ce ya yarda maganin ne. Amma takardar ta ce za a yi mafarki, ba ta ce Ajimi za a gani ba. Ya tambaye ni wa ya zaɓi Ajimi. Na duba, babu amsar a takardar.

Ga inda nake. In na hana shi maganin, mafarkin ya tsaya, taba ta dawo, zuciya ta tsaya. In na bar shi, ya hau motar kaya. Na sa a kawo magani daga Jos don kada in yi takaba, ga shi maganin da kansa yana nuna masa wata hanyar. Wani lokaci ina wanke kwano sai in kama kaina ina tunanin ko tafkin yana nan da gaske. Ni fa.

Ƙirjinsa ya daina ƙara. Yana hawa benen ofis ba ya tsayawa. Shekaranjiya ya ce ashe miyar kukata tana da daɗi, shekara tara yana ci bai sani ba. Ban san ko yabo ne ba.

Gobe zan je Shehuri da takardar. Ban san abin da zan ce wa tsohuwar da ta fara cin abinci ba. Ki sa mu a addu'a, irin taku ma muna so.

Taki,
Siddiƙa.


25 ga Agusta.

Edith ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mun ga atamfar Sallah, an gode. Na san sabis ya dawo, na ga kiranki sau shida. Duk lokacin da na ɗauka sai in ce lafiya lau, don wannan ba maganar waya ba ce. Dzarma zai kawo miki ita.

Na je wurin Hajja. Na same ta a tabarma tana tsince shinkafa. Na fassara mata layin da Hausa, na ƙara da ɗan Kanurin da aure ya koya mini. Na ce ko Bature a ƙasarsu ya sha, zai yi mafarki. Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni in an gama maganin me zai faru. Na ce mafarkin zai tafi. Ta tambayi saura kwana nawa. Na ce talatin da 'yan kai.

Sai ta miƙo tafin hannunta, ta ce in ba ta ƙwaya ɗaya. Ita ce ta haife shi, amma wata bakwai ko sau ɗaya bai zo mata ba, sai wurin mai shan taba. Ina da su a jaka, Edith. Na ce ba zan iya ba, ga hawan jininta, kuma ba ita aka rubuta wa ba. Hannun ya daɗe a buɗe kafin ta mayar da shi cikin shinkafar. Ban taɓa jin karatuna ya yi mini nauyi irin na ranar ba.

Washegari da Kashim ya je, ta zaunar da shi. Abin da ya faɗa mini shi ne, ta ce hanya ta karɓi ɗaya, ba za ta kai mata na biyu da hannunta ba. In ya taka hanyar Dikwa ba da yawunta ba, in ya sake kunna taba ma haka. Wanda yake zuwa har gida, ba a fita neman sa a daji. Abin da take so kawai, ya ci gaba da kawo mata labari kowace safiya. Kashim zai iya musu da likita, da ni, da takarda. Da wannan bai iya ba. Mai motar kaya ya tafi ba shi. Ban tambayi ko ya isa ba.

Maganin ya ƙare ranar Asabar ta makon jiya. Yau kwana tamanin da shida ba taba. Likita ya auna shi, ya yi murmushi, abin da ban san ya iya ba. Ya ce wata shida masu zuwa su ne jarrabawar.

Mafarkin bai jira ƙwayar ƙarshe ba, tun kafin Sallah ya fara dusashewa. Wata safiya na tarar da Kashim a ƙofar gida ya sa takalmi, ya kasa fita, yana shafa aljihun da ashana take zama a da. Ya ce bai ga komai ba, kuma ba zai iya zuwa wurin Hajja hannu rabbana ba. Na dubi aljihun, na dubi teburin mai taba a tsallaken titi. Sai na ji bakina yana cewa ai jiya Ajimi ya sayar da farin san, ya sami riba.

Tun ranar tare muke shirya mafarkin, a kan shayi. Shi ya san shanu, ni na san tsara magana, kin shaida. Mun ba shi sabon takalmi. Mun sa ya sami inuwa lokacin da ruwa ya sauko. Ba ma cewa yana ina, ba ma cewa zai dawo. Ban san sunan abin da muke yi ba. Na kan ce ƙarya ce, sai in ga Kashim ya fita yana sauri, hannunsa ba ya neman aljihu.

Kada ki aiko da wani kwalin, ba a buƙata.

Jiya ya dawo daga Shehuri da ƙwaryar fura da saƙo. Hajja ta saurari mafarkin har ƙarshe, ta ce madalla. Da ya miƙe zai tafi, ta ce ya gaya wa Siddiƙa kwana uku ke nan tana barin yaron nan yana yawo kai ba hula. Gobe ta sa masa hularsa zanna, mai ruwan ƙasa.

Na sa masa.

Ki gaida Yoila da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Siddiƙa.