Shaida Ba Mai Tsayawa Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar warkewarta ke nan.

Dalilin rubutuna shi ne firizar da ka ɗauko wa matarka, biya kaɗan-kaɗan, kafin ka tafi. Wata uku ba ka aika wa kamfanin da ya sayar maka da ita komai ba. Ranar Talata mutum biyu daga kamfanin suka zo shagona, a gaban masu jiran kujerunsu, suna ɗaga murya wai sa hannuna na cikin takardar bashin, in ba a biya ba injin yankan katakona za su ɗauka. Ka san injin nan. Shekara shida ina ja da zarto kafin na saye shi, ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Abin da ban gaya wa kowa ba, ranar da na sa hannu ban karanta ba, don kada ma'aikacin kantin ya ga ina bin layi da yatsa.

Na haɗiye girman kai, na kai wa lauyar da na yi wa kantar littattafai kwafin takardar. Ta nuna mini a layin shaida na sa hannu, ba na mai tsaya maka ba. Shaida gani kawai ya yi, ba ya biya. Ta ce ko ni na ci bashin, ba a kwasar kayana sai da umarnin kotu, kuma tozarta mutum a wurin sana'arsa abin kai ƙara ne. Da mutanen kamfanin suka dawo da mota, na kaɗe musu benci, na ce su zauna su nuna mini takardar kotu. Ba su zauna ba.

Amma kada ka yi murna, Auta. Doka ta tsare mini injina, ba ta yafe maka bashinka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓuya ce abin kunya. Ka kira su ku daidaita abin da za ka iya duk wata, kome ka biya kuma ka karɓi rasit. Injin yana nan inda yake, amma sunan da suka yi ta kira a bakin titi na mahaifinmu ne. Shi kuwa ba kotun da za ta wanke shi sai kai.

Inna da Yaya Babba suna gaishe ka, haka uwar yara. Ka gaida Kawu Dogo in kun haɗu.

Naka,
Yayanka Kafinta