Kujerarka Tana Kan Ɗana

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Taron Addu'a na Gwarzo da Kabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da malamai da masu riƙe da gari da shugabannin ƙungiyoyin taimakon marayu da ke zama a gefenka. Ni ne Sale mai facin keke, daga wani ƙauye a yankin Durun. Aji huɗu na yi a firamare na bar malamai suka huta, don haka inda rubutun ya karkace a yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da taya.

Na farko. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kuke tara mu addu'a duk ƙarshen wata, a raba shinkafa, kuma kun kyauta. Sai dai filin da kuka zaɓa a bayan garinmu, mai darbejiyoyin nan, tsohuwar maƙabartar yara ce. Kabarin yaro ba ya daɗewa da tudu, ruwan damina ke shafe shi. Da fasassun tukwane kowa ke gane nasa. Masu shararku sun kwashe su tas, suka tara a gindin bishiya, a ganinsu aikin lada suka yi.

Na biyu. Ɗana Habu, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara uku, yana kwance daidai inda ake ajiye kujerarka. Kaf zuri'armu ba wanda ya taɓa kusantar manya kamarsa. A taron da ya wuce, ina kallo ƙafar kujerar ta baya ta nutse, wani ya ciro ta ya tokare da bulo. Aka ce rairayi ne. Ni na san zurfin wurin, da hannuna na sa shi. In masu kafa rumfa suna buga turaku, ƙarar kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa take fita. Kuma in jama'a suka shafa suka yi shiru, nakan ji wata amin siririya ta biyo baya daga ƙasa. Wataƙila lasifika ce. Wataƙila yunwa ce, takan yi mini haka.

Na uku. Kada ka ga laifin dattawanmu da suka yi gum. Da tsadar nan, tsoro suke in an faɗa ku ɗauke taron da shinkafar ku kai garin Gude. Ni ma an roƙe ni in kama bakina, wai matattu ba sa cin tuwo. Gaskiya ne. Amma uwar Habu ta ce ba za ta dafa abin da aka raba a kan ɗanta ba. Rabonmu yana nan a rataye, yara suna kallonsa, yana kallonsu.

Roƙona shi ne ku matsa bayan rijiya, akwai fili babu kowa a ciki sai gara. Kada ku bar garin saboda bakina. A dawo mana da tukwanenmu, iyaye mata sun san nasu. In kuma matsawar sai an yi zaman kwamiti, to wata mai zuwa ku bar mini wurin kujerar. Zan zo da buzuna tun da hantsi in zauna a kai da kaina. Ba ni da nauyi yanzu, kuma Habu ya saba da ni.

Allah ya karɓi addu'o'inku, ya raya maka zuri'a, ya sa kowa ya san inda naka suke kwance.

Wassalam.

Sale Mai Faci