Ƙugun Hajara ya hana ta goyo

Assalamu alaikum, Sani.

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya zaman Fatakwal, ya mutanen gidanku? Mu nan alhamdulillahi, an fara ɗiban tumatir. Sai dai matarka Hajara.

Tun da ta gama wankan jego ƙugunta ke ciwo, gefen dama, yana sauka har cinya. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Muka ce sanyi ne, wanzami ya yi mata ƙaho, a banza. Da muka je asibiti, likita ya danna wani ɗan gurbi a saman ɗuwawu, ta yi ƙara. Ya ce nan ƙashin baya ya haɗu da na ƙugu, haihuwa ce ta sassauta gaɓar. Ya ba ta magani da ɗamara, ya koya mata motsa ƙafa a kwance, ya ce ban da goyo da ɗaukar ruwa tukuna.

Sani, gabana ya faɗi. Nan wurin ke cizona tun haihuwarka. Ba wanda ya gaya mini, na koma shanyar tumatir da kai a bayana. Ka dai san yadda nake ɗingishi yau.

Yanzu ni ke goyon jaririyar, amma da na zauna sai ta karɓe ta, wai, "Inna, a ce tsohuwa na goyo ina kallo?" Ka bugo wayar maƙwabcinmu, ka hana ta da bakinka. Ba na so ta gaji tafiyata.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida abokan aikinka.

Innarka.