Akuyar Inna Ta Shiga Rediyo

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya zaman Legas, yaya ƙafar nan taka? Mu nan Jega duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, albishirinka! Wasan kwaikwayon da na rubuta ya fita a rediyo ranar Asabar. Labarin akuyar nan ne da ta ƙi tsallaka gulbi, wanda Inna take ba mu muna yara. Na canza ƙarshensa, sai na shiga fargabar kada ranta ya ɓaci. Na hau kabu-kabu har Maiyama wurinta don mu saurara tare.

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Da aka gama, sai na matsa kusa da Inna. Na ce, "Inna, ki yafe mini, na taɓa labarin kakanni."

Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce, "Waɗanne kakanni? Ke kinka ishe ni da 'sai mi ya faru?', ni ko ina tuƙin tuwo ina ƙirƙira miki. Wanga labari ni da ke munka yi shi!"

Wallahi Yaya, har yanzu murna ba ta sake ni ba. Ta ma ce in dawo da tambayoyina, akuyar tana da ƙanwa.

Ka sa ni cikin addu'a. Ka gaida Anti da yara, Inna da mutanen Maiyama suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza